Haɗurran Ƙananan Jiragen Sama na Alfarma Yayin Sauka Cikin Hazo: Dalilansu da Hanyoyin Kauce Musu

Gabatarwa

Kamar yadda jama'a suka sani, daga watan Nuwamba zuwa watan Maris na kowace shekara iskar hunturu kan kaɗo daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura mai yawa, wadda kan lulluɓe sararin samaniyar jihohin Arewa har rana ta dushe. A irin wannan lokaci ne akan ji labarin an soke tashin jirage, ko an jinkirta su, ko kuma an karkatar da su zuwa wani filin da ba shi aka nufa ba. Sau da yawa fasinjoji kan fusata, musamman waɗanda suka ɗauki shatar jirgi da kuɗi masu yawa domin su isa wurin taro ko biki ko jana'iza a kan lokaci.

Manufar wannan bayani ita ce a wayar da kan jama'a, musamman 'yan kasuwa da masu riƙe da muƙamai da jami'an da ke shirya musu tafiye-tafiye, game da abin da ke faruwa a gaban jirgi idan matuƙi ya tunkari filin da hazo ya rufe. Za a duba yadda ake sauke jirgi ba tare da ana ganin ƙasa ba, da inda ake samun kuskure, da darussan da hukumomin bincike suka fitar daga haɗurran da suka auku a ƙasashe daban-daban. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Wane ne jirgin alfarma?

Abin da ake nufi da jirgin alfarma shi ne ƙaramin jirgi mai injin jet wanda yawanci kan ɗauki mutum 4 zuwa 19, wanda kamfanoni da gwamnatoci da attajirai ke mallaka ko ɗaukar shatarsa. Daga cikin sanannun samfurorinsa akwai Gulfstream da Learjet da Cessna Citation da Hawker da Challenger da Falcon. Ana kuma amfani da irinsa wajen ɗaukar marasa lafiya da sassan jikin da za a dasa wa majiyyata.

Ta fuskar ƙira, waɗannan jirage suna da inganci, kuma gudunsu a sama ya yi kusa da na manyan jiragen fasinja. Bambancin yana ga yadda ake aiki da su. Babban jirgin fasinja yana bin hanya guda kullum, tsakanin manyan filaye masu cikakkun na'urori, kuma akwai ofishi guda da ke bin diddigin yanayi da man da ya ɗauka. Shi kuwa jirgin alfarma yana zuwa duk inda mai shi ya ce, a duk lokacin da ya ga dama, ko da ƙaramin fili ne da matuƙin bai taɓa sauka a cikinsa ba. Sannan wanda ke biyan albashin matuƙin yana zaune taku kaɗan a bayansa.

Ire-iren hazo

Masana yanayi sun raba abin da ke dushe gani gida biyu. Na farko shi ne hazo mai laima, wanda ƙananan ɗigon ruwa ne da ke rataye a iska dab da ƙasa. Yakan taso da tsakar dare zuwa asuba idan ƙasa ta yi sanyi, sama ta yi garau, iska kuma ta kwanta, sa'an nan ya watse idan rana ta ɗaga. A ma'aunin masana, idan irin wannan ya hana a hango abin da ya kai nisan mita 1,000, to ya cika hazo mai kauri. Shi ne ya fi yawa a Turai da Amurka da garuruwan bakin teku.

Na biyu shi ne busasshen hazo na ƙura ko hayaƙi, wanda shi muka fi sani a nan. Kaso mai yawa na ƙurar hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Hazon ƙura ba ya watsewa da fitowar rana kamar mai laima. Yana iya yin kwanaki a jere, kuma idan ya yi tsanani gani kan sauka ƙasa da mita 1,000. Ga matuƙi, sakamakon duka biyun ɗaya ne, wato ba ya ganin titin da zai sauka a kai sai ya zo dab da shi.

Yadda jirgi ke sauka ba tare da ganin ƙasa ba

A manyan filaye akwai na'urar jagorar sauka, wadda matuƙa ke kira ILS a taƙaice. Tana aika saƙon rediyo iri biyu: ɗaya yana nuna wa jirgi tsakiyar titin sauka don kada ya karkata dama ko hagu, ɗayan kuma yana nuna masa gangaren da zai bi, wanda galibi digiri 3 ne. Bisa wannan gangare, jirgi kan sauko kimanin ƙafa 300 a kowane mil ɗaya na teku. Matuƙi yana bin allurai biyu a allon gabansa, ko ya bar na'urar tuƙi ta bi su yana sa mata ido.

Sai dai wannan jagora tana da iyaka. Kowace hanyar sauka tana da wani tsayi da aka rubuta a takarda, wanda ake kira tsayin yanke shawara. Idan jirgi ya kai nan, ƙa'ida ta ba matuƙi zaɓi biyu kacal. In ya ga titin ko fitilun da ke kaiwa gare shi, ya ci gaba da sauka. In bai gani ba, wajibi ne nan take ya ƙara wuta ya koma sama, abin da ake kira fasa sauka.

An kasa na'urar jagorar sauka mataki uku. A mataki na ɗaya, tsayin yanke shawara ba ya gaza ƙafa 200, wato mita 60, kuma dole gani a kan titin ya kai mita 550. A mataki na biyu ana iya saukowa har ƙafa 100 idan gani ya kai mita 300. Mataki na uku yana ba da damar sauka a ƙasa da haka, amma sai filin da jirgin da matuƙan duk sun sami izini na musamman. Samun na'urar a fili kaɗai bai wadatar ba, kuma da yawa daga cikin ƙananan jirage ba su da izinin wuce mataki na ɗaya.

A filayen da ba su da wannan na'ura, ana dogara da tashoshin rediyo masu nuna alƙibla kawai, ko kuma da tauraron ɗan'adam. A yawancin irin waɗannan hanyoyi iyakar saukowa ta fi tsayi, kuma ana buƙatar gani mai nisa.

Daƙiƙoƙi 17

Domin mai karatu ya fahimci ƙuncin lokacin, bari a yi ɗan lissafi. Jirgin alfarma kan tunkari titi da gudun kimanin kilomita 240 a sa'a, wato kusan mita 67 a kowace daƙiƙa, yana saukowa kimanin ƙafa 700 a minti. Daga tsayin ƙafa 200 zuwa ƙasa ke nan bai wuce daƙiƙa 17 ba. A wannan tsayi, bakin titin yana gabansa da kimanin mita 870. Idan gani mita 550 ne, bai ma isa ya hango titin kansa ba. Abin da zai fara gani shi ne jerin fitilun jagora da ake kafawa kafin titi, waɗanda a manyan filaye sukan kai tsawon mita 900. Wannan ne ya sa lalacewar waɗannan fitilu babban al'amari ne a ranar hazo.

Bugu da ƙari, ido da kunnen ɗan'adam suna yaudararsa a cikin hazo. Ƙura takan sa titi ya zama kamar yana da nisa fiye da yadda yake, sai matuƙi ya sauko ƙasa da kima. Shiga hazo mai laima farat ɗaya kan sa ya ji kamar kan jirgin ya ɗaga sama, sai ya danna shi ƙasa. Haka kuma idan hazon siriri ne, matuƙi na iya hango filin tar daga sama idan ya duba ƙasa kai tsaye, amma da zarar ya sauko yana dubawa ta gaba sai komai ya ɓace, domin yanzu idonsa na ratsa hazon ne ta tsawonsa. Maganin wannan duka shi ne matuƙi ya gaskata na'urorinsa fiye da abin da jikinsa ke gaya masa.

Darasi na farko: matsin lamba daga mai shata

A ranar 29 ga Maris, 2001, wani jirgi samfurin Gulfstream III ya tashi daga Los Angeles zuwa Aspen, wani garin shaƙatawa da ke tsakiyar duwatsu a jihar Colorado ta Amurka. Fasinjojin sun makara zuwa filin jirgi, alhali dokar filin Aspen ta hana irin wannan jirgi sauka bayan minti 30 da faɗuwar rana. Da aka shaida wa wanda ya ɗauki shatar cewa mai yiwuwa a karkata zuwa filin garin Rifle, sai ya fusata, aka kuma sanar da kamfanin cewa yana da liyafar cin abincin dare a Aspen da ya kashe wa kuɗi masu yawa.

Lokacin da suka iso, duhu ya fara, dusar ƙanƙara na zuba, kuma wasu jiragen da ke gabansu sun riga sun fasa sauka saboda ba su ga titin ba. Ɗaya daga cikin fasinjojin yana zaune a kujerar da ke tsakanin matuƙan. Suka wuce iyakar saukowa ba tare da sun ga titin sosai ba, jirgin ya daki gangaren tudu kimanin mita 730 kafin titin. Duk mutum 18 da ke ciki suka rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ɗora alhakin a kan saukowa ƙasa da iyaka, ta kuma ambaci matsin lambar mai shata da ƙurewar lokaci a cikin abubuwan da suka taimaka.

Makamancin wannan ya faru a Smolensk ta ƙasar Rasha ranar 10 ga Afrilu, 2010. Jirgin gwamnatin Poland samfurin Tupolev 154 yana ɗauke da Shugaba Lech Kaczynski da manyan jami'ai zuwa taron cika shekara 70 da kisan kiyashin Katyn. Hazo ya rufe filin, wanda ba shi da na'urar ILS, kuma an gaya wa matuƙan cewa babu yanayin sauka. Suka gwada duk da haka, na'urar gargaɗi na ta kira su ɗaga, har fiffike ya daki bishiya. Mutum 96 suka rasu. Rahoton Rasha da na Poland da aka fitar a 2011 sun saɓa a wasu wurare, amma dukansu sun nuna cewa jirgin ya sauko ƙasa da iyakar da aka halatta masa. Ko da yake wannan babban jirgi ne, yanayin aikinsa irin na jirgin alfarma ne: manyan mutane, taro mai muhimmanci, da lokaci da ya ƙure.

Darasi na biyu: ƙwarewa ba ta maye gurbin sa ido

Da sanyin safiyar 22 ga Nuwamba, 2004, wani Gulfstream III ya taso daga Dallas zuwa filin Hobby na birnin Houston domin ɗaukar tsohon shugaban Amurka George Bush babba zuwa ƙasar Ekwado. Matuƙan biyu tsofaffin hannu ne da suka tara dubban sa'o'i a sama. Akwai hazo, filin kuma yana da na'urar jagorar sauka mai aiki. Bincike ya gano cewa ba su saita rediyon jirgin a kan mitar na'urar ba sai a makare, kuma ba su lura cewa sun sauko ƙasa da gangaren da ya kamata ba. Jirgin ya daki turken fitilar babbar hanya kimanin kilomita 5 daga filin, ma'aikatansa 3 suka rasu.

A ranar 10 ga Nuwamba, 2015, wani jirgi samfurin Hawker 700 ya faɗa kan wani gidan haya a garin Akron na jihar Ohio, mutum 9 da ke ciki suka rasu. Gajimare ya sauko ƙasa sosai a ranar. Jirgin ya riƙa saukowa da sauri fiye da kima, gudunsa kuma ya ragu har fukafukansa suka kasa ɗaukarsa bayan ya wuce iyakar saukowa ba tare da an ga titi ba. A nan masu bincike ba su tsaya a kan matuƙa kaɗai ba. Sun zargi kamfanin da sakaci wajen ɗaukar ma'aikata da horar da su da sa musu ido, sun kuma ce hukumar da ke kula da kamfanin ba ta yi aikinta yadda ya kamata ba.

Saboda irin waɗannan ne aka kafa ƙa'idar daidaitacciyar sauka. Idan ana cikin hazo ko gajimare, dole ne kafin jirgi ya sauko ƙasa da ƙafa 1,000 ya kasance a kan hanya daidai, da gudun da ya dace, tayoyinsa a sauke, kuma ba ya saukowa fiye da ƙafa 1,000 a minti. In ɗaya daga ciki ya kuskure, a fasa sauka. Abin takaici, wani nazari da Gidauniyar Kiyaye Haɗurran Jiragen Sama ta fitar a 2017 ya nuna cewa kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na saukar da ba ta daidaita ba ake fasawa. Sauran duk ana ci gaba da su, kuma da yake yawanci ana sauka lafiya, sai ɗabi'ar ta zauna.

Darasi na uku: hazo na canzawa cikin mintoci

A ranar 19 ga Nuwamba, 2010, wani ƙaramin Cessna Citation ya taso daga Belfast zuwa Birmingham a ƙasar Birtaniya ɗauke da hantar da za a dasa wa wani majiyyaci. Yana dab da sauka sai ya shiga wani curin hazo da ya kwararo kan bakin titin. Jirgin ya ci gaba da saukowa, ya daki eriyar na'urar jagorar sauka, ya kama da wuta a kan ciyawar gefen titi. Allah ya yi da sauran kwanan matuƙan biyu, aka kuma ciro hantar aka garzaya da ita asibiti, inda aka yi dashen cikin nasara. Darasin shi ne rahoton yanayin da aka karɓa mintoci kaɗan da suka wuce yana iya zama tsohon labari kafin a iso.

Darasi na huɗu: gwaji na biyu da tafiyar dare

Da misalin ƙarfe 4 na asubahin 8 ga Yuli, 2023, wani Cessna Citation da ya taso daga Las Vegas ya iso ƙaramin filin French Valley a jihar Kalifoniya ya tarar hazo ya rufe shi. Matuƙan sun gwada sauka, ba su ga titi ba, suka fasa, wanda hakan daidai ne. Maimakon su nufi wani filin, sai suka zagayo suka sake gwadawa alhali gani ya yi ƙasa da abin da ƙa'idar filin ta gindaya. Jirgin ya faɗi kafin ya kai titin, mutum 6 suka rasu. Gwaji na biyu yana da haɗari na musamman, domin matuƙi ya riga ya sa rai cewa da ya ƙara saukowa kaɗan da ya gani.

Haka kuma a ranar 22 ga Mayu, 2025, wani jirgin irin wannan samfuri da ya kwana yana tafiya daga gabashin Amurka ya tunkari filin Montgomery-Gibbs na birnin San Diego kafin ƙarfe 4 na asuba cikin hazo mai kauri. Na'urar da ke ba da rahoton yanayi a filin ba ta aiki, haka ma wasu daga cikin fitilun jagora. Jirgin ya daki manyan wayoyin lantarki kimanin kilomita 3 daga titin, ya faɗa cikin unguwar iyalan sojoji. Mutum 6 da ke ciki suka rasu, gidaje da motoci suka ƙone. Wannan ya nuna cewa haɗarin yana shafar har waɗanda ke barci a gidajensu kusa da filin jirgi.

Darasi na biyar: fasa sauka ma yana buƙatar horo

A ranar 13 ga Agusta, 2014, jirgin Cessna Citation da ke ɗauke da Eduardo Campos, ɗan takarar shugabancin ƙasar Brazil, ya fasa sauka a yankin Santos saboda ruwan sama da gajimaren da ya sauko ƙasa. Jim kaɗan bayan haka ya sulmiyo da ka ya faɗa cikin unguwa, mutum 7 suka rasu. Masu bincike sun ambaci ruɗewar matuƙa game da matsayin jirgin a sararin sama a cikin dalilan haɗarin. Idan jirgi ya ƙara gudu da ƙarfi a inda ba a ganin komai, kunnen ciki kan gaya wa mutum cewa kan jirgin ya ɗaga sama da yawa, sai ya danna shi ƙasa alhali ƙasa tana kusa. Abin da ke kare matuƙi daga wannan shi ne yawan atisaye a na'urar kwaikwayon tuƙi.

Na'urorin taimako da iyakarsu

Tun daga shekarun 1970 aka fara sa wa jirage na'urar da ke gargaɗi idan sun kusanci ƙasa, kuma a 1996 aka fito da ingantacciyarta wadda ke ɗauke da taswirar tuddai da duwatsu. Amurka ta wajabta ta tun 2005 ga jirage masu injin jet da makamantansu da ke da kujerun fasinja 6 ko fiye. Wasu jiragen alfarma na zamani kuma suna da kyamarar da ke gano zafin fitilu da na ƙasa ta nuna wa matuƙi a gabansa, ko da yake hazo mai laima sosai yana rage ƙarfinta. Duk waɗannan sun rage haɗurra ƙwarai. Amma kamar yadda aka gani a Smolensk, gargaɗin da aka ji ba a bi ba, ba ya ceton kowa.

Halin da ake ciki a Nijeriya

Hukumomi da dama ne ke da hannu a wannan al'amari. Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, ita ke auna gani a filayen jirage da fitar da gargaɗin ƙura. Hukumar Kula da Sararin Samaniya, wato NAMA, ita ke da alhakin na'urorin jagora da jami'an hasumiya. Hukumar Filayen Jiragen Sama ta Tarayya, wato FAAN, tana kula da filayen tarayya. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, wato NCAA, ita ke ba da lasisi ga kamfanoni da matuƙa, kuma takan fitar da sanarwar jan hankali idan hunturu ya gabato. Binciken haɗurra kuma yana hannun hukumar NSIB, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar AIB. Bisa tsarin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, manufar irin wannan bincike ita ce hana sake aukuwa, kuma ana sa ran rahoton farko cikin kwana 30.

Tasirin hazon hunturu bai tsaya a Arewa ba. A watan Fabrairun 2020 ƙura ta kai har Legas, inda aka karkatar da jiragen ƙasa da ƙasa da dama zuwa birnin Accra na ƙasar Gana, fasinjoji suka yi kwanaki a can. An sha wahala, an yi asarar kuɗi, amma kowa ya koma gida da ransa.

Wani abin lura game da yankinmu shi ne ƙurar hunturu takan rufe jihohi da yawa a lokaci guda. Filin ko-ta-kwana da ke kusa yana iya kasancewa cikin hali ɗaya da wanda aka nufa. Saboda haka tilas matuƙi ya ɗauki man da zai kai shi fili mai nisa, ban da ajiyar minti 30 da doka ta wajabta wa jiragen jet. Wani lokaci hakan na nufin rage kaya ko rage fasinja, kuma ya kamata a karɓi wannan da kyakkyawar fahimta.

Shawarwari ga fasinjoji da masu shirya tafiya

1. A tabbatar cewa kamfanin da za a ɗauki shatarsa yana da lasisin ɗaukar fasinja don kuɗi daga hukumar NCAA. Jirgin da aka yi wa rajistar amfanin mai shi kaɗai ba ya ƙarƙashin sa ido irin na jirgin haya.

2. A lokacin hunturu a tsara tafiya da rana, a kuma bar isasshen lokaci. Idan taron na da muhimmanci, a tafi tun jajibiri.

3. A isa filin jirgi a kan lokaci. Makarar fasinja ce ta jefa matuƙan Aspen cikin tsere da faɗuwar rana.

4. Tun kafin a tashi a tambayi matuƙi wane fili za a nufa idan ba a sami sauka ba, a kuma tanadi mota a can. Wanda ya san akwai motar da ke jiransa ba zai matsa a sauka ko ta halin ƙaƙa ba.

5. Babban mutum ya faɗa wa matuƙi da bakinsa, a gaban muƙarrabansa, cewa duk shawarar da ya yanke ta karɓu. Matsin lamba ba sai da tsawa ba. Shiru da ɗaure fuska ma sun isa.

6. Kada wani fasinja ya shiga wurin matuƙa ko ya yi musu magana yayin da ake shirin sauka.

7. Idan an fasa sauka sau ɗaya saboda hazo kuma yanayin bai gyaru ba, kada a nemi a sake gwadawa.

Ga mazauna kusa da filayen jirage kuwa, ana roƙonsu da su guji ƙona daji da shara a lokacin hunturu, domin hayaƙi na ƙara wa hazo kauri. A kuma guji kafa dogayen gine-gine da turakun sadarwa a kan hanyar saukar jirage ba tare da izinin hukuma ba, a kai rahoton duk wanda aka gani yana lalata fitilu ko wayoyin filin jirgi.

Kammalawa

Idan aka duba haɗurran da aka ambata, za a ga cewa a mafi yawansu jirgin yana da lafiya, kuma akwai wani fili da zai iya zuwa ya sauka. Abin da ya rage shi ne shawarar da aka yanke a cikin 'yan daƙiƙoƙi, a tsayin da bai wuce na dogon bene ba, da kuma abubuwan da suka tura matuƙi ga wannan shawara tun daga ƙasa: makara, gajiya, ƙarancin horo, lalacewar kayan aiki, da jin nauyin maigida. Dokokin sufurin jiragen sama na duniya sun ba shugaban matuƙa iko na ƙarshe a kan jirginsa, komai girman wanda ke zaune a baya.

Saboda haka ana kira ga jama'a da su ɗauki jinkiri ko karkatar da jirgi a lokacin hazo a matsayin alamar cewa ma'aikata suna bin ƙa'ida. Duk wanda ke da shirin tafiya a watannin hunturu ya nemi hasashen yanayi na hukumar NiMet tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ya kuma tuntuɓi kamfanin jirgin kafin ya baro gida. Allah ya kiyaye hanya, ya sada kowa da iyalinsa lafiya, amin.